Sili Takwas, Fitila Takwas

Malamar da ke koya wa ajin ƙarshe aikin haɗa kwamfutoci ta tafi hutun Kirsimeti wajen mijinta a Italiya, ba ta dawo ba. Takarda kawai ta aiko, wai a yi haƙuri. Makarantar fasaha ta garin ta yi cigiyar wanda zai maye gurbinta har ƙarshen Janairu, ko mutum ɗaya bai leƙo ba. Wa zai zo? Tun da aka rufe ramin kwal, garin nan na kwarin Jiu fita ake yi daga cikinsa, ba shiga ba.

Sai shugabar makaranta, Malama Aurica, ta aika a kira mata Toader Moga.

Toader shi ne mai gyare-gyaren makarantar. Kwan fitila ya mutu, shi ne; famfo ya fashe, shi ne. Shekararsa hamsin da uku, aji takwas ya yi a duniya ya shiga rami. Amma da ramin ya sallame su, shi da abokinsa Fane ne suka ɗaure rabin garin da waya, daga rufin wannan bene zuwa rufin wancan, tun kafin wani kamfani ya san da zaman mutanen wurin. Gida ɗari huɗu suka sa wa intanet da tsani ɗaya.

"Yara goma sha ɗaya ne," in ji Malama Aurica. "A watan Yuni za su yi jarrabawar aikin hannu. In ba su ci ba, babu takardar shaida, shekara huɗunsu ta tafi a banza. A rajista sunana za a gani a matsayin malamar aji. Kai kuma ka shiga ka koya musu. Za ka iya?"

"Waya ce fa, Malama," in ji Toader. "Na ja wadda za ta kai Bucharest ta dawo."

"Kada kowa ya ji a waje."

"Wa ya rage a waje da zai ji?"

Ranar farko ya buɗe littafin da malamar ta bari, ya karanta layi biyu, ya rufe. Ya ce kowa ya sa rigar sanyi. Ya hau da su rufin makaranta, inda iska ke yankan kunne.

"Littafi ya kasa abin nan da sunaye. LAN, MAN, WAN. Ku haddace, za a tambaye ku. Amma ga yadda yake. Kwamfutocin ajinku da ke magana da juna, ko na gida ɗaya, ko na bene ɗaya, shi ne na farko. Ƙarami, naka ne, in ya lalace kai za a zaga. Ku dubi can." Ya nuna tsofaffin wayoyin da ke reto tsakanin benaye, wasu sun tsinke. "In ya haɗa gari sukutum, shi ne na biyu. Na uku kuwa shi ne wanda uwayenku ke bi ranar Lahadi su kira ku daga Italiya su ce kun rame."

Wasu suka yi dariya, wasu ba su yi ba. Bakwai cikin sha ɗayan nan wajen kakanni suke zaune.

Ya nuna musu akwatin raba layi, ya ce wannan ɗan aike ne da ya san ƙofar kowa a cikin bene, amma bai san hanyar fita unguwa ba. Ya ɗaga rauta ya ce wannan shi ne mai gadin ƙofar gari, shi ya san waje. Ya ba su labarin yadda suka taɓa jera benaye shida a kan waya ɗaya kamar jerin gwano, ɓera ya ci ta a bene na biyu, sauran huɗun suka wayi gari a duhu, wata tsohuwa ta bi Fane da muciya. Tun ranar suka koma kowa da wayarsa zuwa akwati ɗaya a tsakiya, abin da littafi ke kira tauraro. Yaran suka riƙe wannan fiye da duk abin da aka taɓa rubuta musu a allo.

Sai aka zo kan waya kanta. A feɗe rigarta, a tarar da sili takwas an murɗe su biyu-biyu, a warware, a jera su, a datse baki, a tura cikin kan roba, a matse da awartaki. Toader ya koya musu jerin kamar waƙa, yadda shi da Fane suka yi shekaru suna yi: kowace kala da 'yar'uwarta mai farin zane a gefe. Lemo biyu, kore biyu, shuɗi biyu, ruwan ƙasa biyu. In ka yi wancan bakin haka nan, an gama. Yana da ɗan abin gwaji mai fitila takwas. A soka waya, fitilun su kama ɗaya bayan ɗaya, shi ke nan waya ta yi.

Kullum sai sun yi, har yatsunsu suka yi kanta. A cikinsu babu kamar Mirel, wani dogo marar magana. Mirel yakan rufe ido ya jera silin nan, ya matse, cikin minti ɗaya da rabi. Ubansa yana aikin mahauta a Jamus, ya kuma faɗa masa magana ɗaya: in ya samo takarda, ya zauna a ƙasarsu ya nemi aikin waya a birnin Deva, in bai samo ba, akwai gurbi a layin yankan nama, motar Jamus tana tashi duk Lahadi. Toader ya san da wannan. Ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Kai ko wuƙar cin abinci ba za ka riƙe a Jamus ba. Ni na faɗa maka."

A tsakiyar Mayu wata yarinya, Ilinca, ta ɗaga hannu. Ƙarama ce, mai tabarau, ba ta da saurin hannu ko kaɗan.

"Kawu Toader, na ja waya daga ɗakinmu zuwa na kakata a ƙasa, mita sittin. Tana kamawa tana saki. Sai na duba hoton da ke bayan littafi. Jerinsu ba irin namu ba ne. Su koriyar suna tsallakar da ita, sai bayan shuɗi take zuwa."

Toader ya miƙa mata hannu.

"Kawo wayar nan ta hannunki." Ya soka a abin gwaji. Fitila takwas suka kama reras. Ya ɗaga sama kowa ya gani. "Nawa kika ƙirga, Farfesa?"

"Takwas."

"Wutar da ke gudu a ciki tana da ido ne? Ta san kore ta san shuɗi? In bakin nan ya yi daidai da wancan, ko da kalar tuwon masara kika jera, za ta wuce. Wanda ya zana hoton nan ya taɓa hawa rufi a Disamba? Ƙila ƙusa kika buga wa wayar kakarki."

Aka kwashe da dariya. Daga ranar sunanta ya koma Farfesa. Ba ta sake ɗaga hannu ba.

Ranar Asabar, saura kwana biyar jarrabawa, aka yi sadakar arba'in ta mahaifiyar Fane. Fane ya zo daga birnin Cluj a motar kamfanin da yake wa aiki yanzu, ya yi ƙiba, gashi ya zube. Bayan an dawo daga maƙabarta aka zauna a tsakar gida, ga dafaffiyar alkama da sukari, ga barasar gida a ƙananan kofuna.

"Tsohon ɓarawon tsani!" in ji Fane. "An ce ka zama malami. Wallahi ƙasar nan ta gama lalacewa."

"Kai da aka ba mota ai ta riga ta lalace. Har yanzu kana tsoron tattabaru?"

Suka sha, suka tuna da matattu. Toader ya ɗauko labarin Farfesa da wayar kakarta, yana kwaikwayon muryarta. Ya kai ƙarshe yana jiran dariya. Fane ya ajiye kofinsa.

"Toader. Wane jeri ka koya musu?"

"Namu mana."

"Namu na kan rufi?"

"Akwai wani ne?"

Fane ya shafa sanƙonsa. "Taso."

A bayan motar ya ciro wata na'ura ruwan ɗorawa mai girman bulo. Toader kullum da guntuwar waya a aljihu, ta Mirel ce ma, yana yawo da ita yana nuna wa mutane. Fane ya soka. Na'urar ta yi ƙara, ta nuna ja.

"Na'urarka ta lalace," in ji Toader.

"Mu ne muka lalace, ɗan'uwa. Makon farko da na shiga kamfani, wani yaro ɗan shekara ashirin ya sa na yanke kawunan waya arba'in a gaban mutane. Ka san dalilin da ya sa aka murɗe su biyu-biyu? Saƙo a kan mata da miji yake tafiya, murɗin ne ke kare shi daga hayaniya. A cikin kan robar, rami na uku da na shida su ne gida ɗaya. Mu kuma mun sa farar koriya a na uku, mun sa shuɗi a na shida. Mun raba mata da mijinta mun haɗa ta da maƙwabci. A gajeriyar waya ba a ganewa. A doguwa, ko a saurin layin yanzu, sai ta riƙa kamawa tana saki."

"Fitila takwas..."

"Abin wasan yaran nan? Shi dai ya ga sili bai tsinke ba. Ka tuna bene na sha huɗu, da layinsu ke mutuwa kullum? Muka ce tsawa ce, muka ce tattabaru ne, har muka ce mutumin hawa na uku mayen ƙarfe ne? Mu ne. Shekara shida muna zagin tattabaru." Ya yi 'yar dariya, ya ga Toader bai yi ba, ya daina. "Masu jarrabawa irin wannan suke zuwa da ita. Yaushe ne?"

"Alhamis."

Daga cikin gida wata mata ta ƙwala musu kira su zo miya na hucewa.

Ranar Lahadi Toader bai fita ba. Ya zauna a kicin da littafin, ya buɗe hoton baya, ya jera silin a sabon jeri. Sau goma ya gwada, sau huɗu yatsunsa suka koma tsohon wuri ba tare da ya sani ba. Ya yi tunanin ya yi shiru. Ƙila mai jarrabawa ya zo da ƙaramin abin gwaji. Ƙila na'urarsa ta ƙi tashi. Ya san ƙarya yake wa kansa, ba a taɓa yi masa irin wannan sa'a ba.

Litinin da safe ya shiga aji, bai cire hula ba.

"Abin da na koya muku a kan jeri ba daidai ba ne. Tun Fabrairu. Ilinca ce ke da gaskiya, ni ne jakin." Ya juya ya zana a allo da hannunsa mai nauyi. "Farar lemo, lemo, farar kore, shuɗi, farar shuɗi, kore, farar ƙasa, ƙasa. Wanda ya yi tsohon jeri ranar Alhamis ya faɗi."

Wani daga baya ya ce, "Wasa kake, Kawu."

"Na yi kama da mai wasa?"

"To fitilun fa?"

Toader ya ɗauki abin gwajin ya jefa a kwandon shara. Ya dubi Ilinca. Ita tebur take kallo, fuskarta ba murna ba fushi.

"Kwana uku," in ji Mirel a hankali. Shi ne karo na farko da ya yi magana a aji ba a tambaye shi ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya, amma ba su da wata ranar. Kawunan roba saura sha tara a jaka, kowanne kuma in an matse shi ya gama aiki, don haka yawanci a yatsa kawai suke jerawa, su nuna masa, su hargitsa, su sake. Yana zagayawa yana faɗin kalolin har muryarsa ta dishe. Abin da ya lura da shi ya fi komai ci masa rai. Masu nawar hannu, waɗanda dama sai sun tsaya sun yi tunani, su suka fi saurin kama sabon. Gwanayen su ne a wahale. Mirel in ya bi a sannu yana faɗa da baki, daidai. Da an ce masa ga agogo, sai kore ta koma kusa da 'yar'uwarta.

"Hannuna ba ya jin magana, Kawu."

"Zai ji. Kada ka yi sauri. Minti goma za a ba ku, ba tsere ba ne. Ka faɗa da baki, ko za su ce ka haukace."

"Kai ka ce in riƙa rufe ido."

"Na ce. Yanzu na ce ka buɗe."

Ranar Alhamis mai jarrabawa ya iso daga babban birnin lardi, wani siriri mai furfura da jakar fata, da na'ura ruwan ɗorawa a hannu. Da safe aka yi tambayoyin baki. Toader yana baranda da guga da tsumma, don ba shi da hurumin shiga. Ta ƙofa yana jiyo su suna bambanta na gida da na gari da na duniya, suna faɗin aikin rauta da na akwatin raba layi, babu gargada. Har ya ji mutumin ya ce, "Madalla." Bayan an sha kofi aka raba wa kowa waya mita uku da kai uku, biyu na aiki, ɗaya na ko-ta-kwana. Mutumin ya ce wanda wayarsa ba ta wuce na'ura ba, sai lokacin kaka, in an sake zaman jarrabawa.

Akwai ɗan gilashi a ƙofar. Toader ya ga Mirel ya sunkuya, leɓɓansa na motsi. Ya matse bakin farko a hankali. Ya kama na biyu. Wani ya yar da awartaki a ƙasa, mai jarrabawa ya ce saura minti shida, sai Toader ya ga leɓɓan sun daina motsi, hannun ya ɗauki gudu. Mirel ya matse. Ya haɗa bakunan biyu a gaban idonsa, ya ga ba su yi daidai ba. Ya tsaya. Kai ɗaya ya rage masa, dole ya yanke ɗaya daga cikin biyun. Ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya daɗe yana dubawa. Daga inda Toader yake ba a ganin kala. Ya ga dai almakashi ya sauka.

Da aka soka wayar Mirel, ƙarar da Toader ya ji a bayan motar Fane ita ya sake ji ta cikin ƙofa.

Shida suka ci, biyar suka faɗi. Ilinca ta ci. Ita ce ta fara fitowa, ta tsaya a gabansa, ba ta kalle shi ba.

"Mai kyan ya yanke," ta ce. "Na gani. Ya rasa wanne ne wanne, sai ya bar wanda idonsa ya saba da shi." Ta wuce.

Toader ya ajiye guga ya shiga ajin. Mai jarrabawa yana naɗe wayoyi, Malama Aurica tana gefensa da takardu.

"Ranka ya daɗe, yaran nan biyar ba laifinsu ba ne. A sake ba su kai ɗaya-ɗaya. Minti biyar."

Mutumin ya dube shi daga hula zuwa takalmi. "Abin ya ba ni mamaki, kam. Duk biyar kuskure iri ɗaya, irin na masu jan waya a unguwa a da. Wani ya koya musu shi. Kai ne wa?"

Toader ya buɗe baki. Malama Aurica ta kafe shi da ido, fuskarta ta yi fari fat. Sai a lokacin lissafin ya zo masa. In ya ce shi ya koyar, mutumin nan zai rubuta cewa wata huɗu ajin ba shi da malami, wanda bai gama sakandare ba ne ke tsaye a gaban allo. Ba za a ƙara wa biyar ɗin komai ba. Shidan ne za a soke.

"Mai gyara ne," in ji Malama Aurica. "Ya shaƙu da yaran."

"Haka ne?" in ji mutumin.

"Haka ne," in ji Toader.

"To doka ba ta ba ni kai na huɗu ba. Su dawo lokacin kaka. Tunda kana nan, taimaka ka kai mini akwatin nan mota, bayana ba ya son nauyi."

Toader ya ɗauka ya kai. Da motar ta fita, ya ga Mirel zaune a kan katangar bakin ƙofa, jakarsa a tsakanin ƙafafu.

"Za a sake da kaka," in ji Toader. "Zan kira babanka. Zan gaya masa komai, ni na..."

"Na riga na kira shi."

"Me ya ce?"

"Ya ce gurbin ba zai jira kaka ba. Ya yi wa direba magana." Mirel ya miƙe ya rataya jaka. Ya fi Toader tsawo da kusan tafin hannu. "Na faɗa da baki, Kawu. Na farkon na faɗa."

"Na gani."

Yaron ya gyaɗa kai, ya gangara ta hanyar tasha. Toader ya tsaya a wurin har mai shara ta leƙo ta taga ta ce masa gugan da ya bari a baranda wani ya yi tuntuɓe da shi, ruwa ya malale har matakala.